A shago muna zaune lafiya, a waya kamar za mu cinye juna: wanne ne gaskiyar?

Wani matashi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, ni Musulmi ne, a Rigasa nake zaune, ina gyaran waya a cikin garin Kaduna. Wanda muke haɗa shago da shi Kirista ne daga Sabon Tasha. Tare muke cin abinci, ina bar masa cinikina in tafi masallaci, yana bar mini nasa. Amma da na shiga Facebook ko TikTok sai in tarar da zagi da tsinuwa tsakanin Musulmi da Kirista, har in fara jin wani iri game da shi. Bara na sa hotonmu na yi masa barka da Kirsimeti, aka yi mini ca, wasu har da kafirta ni. Wanne ne ainihin halin da muke ciki, na shago ko na waya? Kuma laifi na yi?"

Ƙanena, duka biyun suna nan, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Zaman da kuke yi a shago shi ne rayuwar mafi yawan mutanen Arewa a kowace rana ta Allah: a tasha, a asibiti, a layin banki, a bayan Keke Napep. Abin da kake gani a waya kuma an tace shi ne kafin ya iso gare ka, an zaɓo mafi zafi an ɗora a sama. Sai dai ba zan ce maka ka share shi don ba komai ba ne, domin an rasa rayuka ta dalilinsa, kuma kai da kanka ka ce ya fara taɓa maka zuciya game da mutumin da bai taɓa cin amanarka ba. Wannan maganar taka ita ce ta fi tsaya mini a rai a cikin tambayar gaba ɗaya.

Waya ba ita ta haifi rikicin ba. An yi Kafanchan a 1987, an yi Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992, rikicin shari'a na Kaduna a 2000, Jos a Satumbar 2001, sannan Kaduna ta sake kamawa a Nuwambar 2002 kan gasar sarauniyar kyau. Duk wannan ya faru kafin a ƙirƙiri Facebook a 2004. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsagewar ta riga wayar. Abin da waɗancan rikice-rikice suka bari, bayan kaburbura, shi ne rabuwar unguwanni. Ka fi ni sanin yadda Kaduna take yanzu: Musulmi sun tattara a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da Unguwar Sarki, Kiristoci sun koma hayin kogi, Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. A Jos ma haka, ɗan Unguwar Rogo sai ya yi tunani kafin ya shiga Unguwar Rukuba, shi ma na can haka. Iyayenku sun tashi suna kai tuwon sallah gidan maƙwabci Kirista, a kawo musu shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Yaron da aka haifa bayan 2000 a waɗannan unguwanni yana iya gama firamare da sakandare bai taɓa shiga ɗakin wanda ba addininsu ɗaya ba. To a ina zai fara haɗuwa da Kirista, ko shi Kiristan a ina zai fara jin yadda Musulmi ke magana? A wajen sharhi, ƙarƙashin labarin kisa. Kai ka yi sa'a kana da shago. Da yawa daga masu zaginka ba su da abin da za su gwada abin da suke gani da shi.

Kamfanonin nan kuɗinsu yana zuwa ne daga talla, talla kuma tana bin tsawon lokacin da ka ɓata kana kallo. Saboda haka tsarin da ke zaɓo maka abin da za ka gani ba ya tambayar ko abu gaskiya ne ko yana da amfani, abin da yake aunawa shi ne wane rubutu ne ke sa mutane su tsaya, su yi sharhi, su tura. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin yana ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alamar so ta yau da kullum kuma maki ɗaya. Daga baya sun sauke darajar alamar fushin, bayan ma'aikatansu sun ga irin rubuce-rubucen da take ɗagawa. Wani bincike da masana na jami'ar MIT a Amurka suka wallafa a 2018, kan labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma mutane ne suke wannan aiki da hannunsu fiye da na'urori. Idan mutum dubu suka karanta rubutu suka wuce, goma suka tsaya suka yi zagi, goman nan su kaɗai za ka gani. Shirun sauran ba ya barin alama.

Akwai kwana biyu a Filato da nake so ka riƙe, domin duk abin da kake tambaya yana cikinsu. Ranar 23 ga Yunin 2018 aka kai hare-hare a ƙauyukan gundumar Gashish da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi. 'Yan sanda sun ce mutum 86 aka kashe, mutanen yankin sun ce adadin ya fi haka nesa. Kisan gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire shi. Amma tun a ranar hotuna suka fara yawo a Facebook ana cewa na Gashish ne: jariri da saran adda a kai, da bidiyon wani mutum da aka fasa wa kai. Binciken da BBC ta fitar a Nuwambar wannan shekara ya nuna cewa hoton jaririn ya yi watanni a intanet kafin harin, bidiyon kuma ba ma a Najeriya aka ɗauka ba, daga Kwango Barazabil yake, tun 2012. Washegari, 24 ga wata, matasa suka tare hanya suna fito da Musulmi daga motoci, aka kashe mutum 11, cikinsu har da wani mai sayar da dankali da ke kan hanyarsa ta komawa gida, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A lokacin, in ji wannan bincike, masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan hulɗar Facebook suka ware wa Najeriya mutum huɗu ne, ga masu amfani da shafin miliyan 24 a wata, kuma babu mai jin Hausa a cikin huɗun.

A wannan rana ta 23 ga wata, a cikin wannan gunduma ɗaya, a ƙauyen Nghar Yelwa, limamin garin Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262 da suka gudo, mafi yawansu Kiristoci. Ya fita ya tsaya gaban maharan ya hana su shiga, yana roƙonsu, har ya ce su kashe shi a madadin waɗanda ke ciki. Da aka tambaye shi dalili, cikin abin da ya faɗa har da cewa fiye da shekara 40 da suka wuce Kiristocin garin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Hotunan ƙarya sun gama gari cikin sa'o'i. Labarin liman sai da aka yi kwanaki kafin ya fito, kuma da farko an ɓoye sunansa don tsaron lafiyarsa. Amurka ta karrama shi a Yulin 2019, gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girmamawa a 2022. Karramawar ta dace da shi, amma ka lura da abin da ya sa ya yi abin da ya yi: alheri ne da aka shuka tsakanin maƙwabta shekara 40 baya, ba kyamara ba mabiya. Irin abin da kai da abokin shagonka kuke yi ne kullum ba tare da kun ba shi suna ba.

Abu na biyu da waya ta ƙara mana shi ne gasar gawa. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu wanda aka ce ta yi ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ciki. Aka ɗauki kisan a bidiyo aka yaɗa. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Shafin Atiku Abubakar ya wallafa Allah-wadai, sharhi ya yi masa yawa, aka goge rubutun, daga baya ya ce ba da izininsa aka sa ba. Kwana goma bayan haka aka kashe Harira Jubril a jihar Anambra, tana da ciki, tare da 'ya'yanta huɗu. Mata biyu, duka an zalunce su, amma a waya sai aka mayar da su makami. Ka ce Deborah, a ce maka ina kake lokacin Harira. Ka ce Harira, a ce maka ina kake lokacin Deborah. Haka aka yi da matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021 suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi, da masu ibada da aka kashe a cocin Owo a Yunin 2022, da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025. Kowane ɓangare yana da jerin sunayensa da ya haddace, kuma bai san na ɗayan ba, domin wayarsa ba ta nuna masa.

Zan faɗi matsayata a nan ƙarara. Taɓa mutuncin Annabi (SAW) abu ne da ke ƙona zuciyar kowane Musulmi, kuma Kiristan da ke son zaman lafiya ya kamata ya san haka ya kiyaye, kamar yadda Musulmi zai kiyaye abin da Kirista ke girmamawa. Amma hukunci na hukuma ne da alƙali, bayan bincike da shaidu. Taron jama'a da duwatsu da taya ba kotu ba ne a kowace mazhaba. Wanda ya kasa cewa kisan Deborah zalunci ne sai ya haɗa da "amma", da wanda ya kasa cewa kisan Harira zalunci ne sai ya haɗa da "amma", ciwo ɗaya ke damunsu. A Ma'ida aya ta 8 Allah ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, kuma ba a saukar da ayar don lokacin da adalcin ke da sauƙi ba.

Wani abin da matasanmu ke mantawa: suna rubutu da Hausa suna zaton tsakaninmu ne. Hausa ita ce harshen ibada na miliyoyin Kiristoci a Arewa. An fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa tun 1932, a majami'un ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Hausa ake wa'azi da waƙa, akwai kuma Hausawa Kiristoci 'yan asali a Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya. Duk wanda ya rubuta "arna" ƙarƙashin labarin mutuwa ya sa alamar dariya, ana karantawa, ana ɗaukar hotonsa, ana kai shi zaurukan da ba zai taɓa shiga ba a matsayin hujjar cewa haka Musulmi suke. Haka nan wanda ya rubuta da Turanci cewa duk Bafulatani ɗan ta'adda ne, ko duk mai gemu Boko Haram ne, ana fassara shi a kawo mana. Abokin shagonka yana ganin irin nasa tarkacen a wayarsa kamar yadda kake ganin naka. Wataƙila shi ma ya taɓa dubanka ya ji wani iri, ya haɗiye. Ga kuma faɗan da ake shigo mana da shi daga waje. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, alhali Kiristan Nijar ba shi ya yi zanen ba. Tun Oktoban 2023 kuma yaƙin Gaza ya zama layin raba Musulmi da Kirista a shafukanmu, duk da cewa akwai Falasɗinawa Kiristoci, kuma an kashe wasu daga cikinsu a harabar coci a cikin Gaza ɗin.

To hotuna masu daɗi fa, irin wanda ka sa? Suna da tarihi. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, an ga Kiristoci sun yi zobe suna gadin Musulmi masu sallah. A Afrilun 2019 Babban Limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika ta Christ the King a Accra ranar Ista, a cikin bukukuwan cikarsa shekara 100, hotunan suka zagaya duniya, wasu Musulmi suka soke shi, mutanensa suka bayyana cewa ziyarar zumunci ya kai ba ibada ba. A nan Kaduna, a unguwar abokinka ma, Fasto Yohanna Buru ya yi shekaru yana karɓar baƙi Musulmi ranar Kirsimeti, shi ma yana zuwa Maulidi. Kuma ganin mutumin kirki daga ɗaya ɓangaren yana da tasiri da aka auna: wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa bayan Mohamed Salah ya koma Liverpool a 2017, laifukan ƙiyayya a yankin sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, rubuce-rubucen ƙin Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar a Twitter kuma sun ragu da rabi. Shi kansa Salah kusan duk shekara sai ya sha irin ruwan zagin da ka sha in ya sa hoton iyalinsa a lokacin Kirsimeti, haka Ahmed Musa namu ya sha.

Sai dai kada mu ɗora wa hoto abin da ba zai iya ɗauka ba. Binciken da ya fi ba ni haske a kan wannan a garinku aka yi shi. Wasu masana biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun shirya wa matasa maza Musulmi da Kirista na Kaduna ajin koyon kwamfuta na mako 16. Wasu aka sa su a aji gauraye, wasu a ajin da kowa addininsu ɗaya, wasu kuma ba su shiga ajin ba sam. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ra'ayin da matasan ke da shi game da ɗaya addinin bai canza ba, ko a gaurayen aji. Amma da aka gwada su a aikace, wajen rabon kuɗi da baƙon da ba su sani ba, 'yan gaurayen aji sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci. Da aka bi diddigi sai aka ga dalilin: waɗanda aka tara su kaɗai su ne suka ƙara nuna bambanci, fiye da waɗanda ba su shiga ajin ba. Wato zama da naka zalla, ko da a kan abu mai kyau kamar koyon sana'a ne, yana ƙara maka fifita naka a kan wani.

Binciken bai yi magana a kan WhatsApp ba, ni ne nake ɗora shi a kai, amma ka duba wayarka ka gani. Zauren masallaci, zauren 'yan unguwa, na tsofaffin ɗaliban Islamiyya, na dangi. Shi ma abokinka na matasan coci, na mawaƙa, na ƙabilarsu. A waɗannan ɗakuna da ba baƙo a ciki ake tura saƙon murya mai cewa an ga motoci cike da makamai, ko kada a sayi abinci wajen su wane don sun sa guba, kuma wanda ya turo ɗin kawunka ne ko limaminku ko dattijon coci, wanda kake jin nauyin ƙaryata shi. Zagin da ake yi a fili a Facebook yana da muni, amma aƙalla akwai mai mayar da martani. Na cikin zaure ba mai musu. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya a 2019 saboda irin wannan, amma taƙaitawar ba ta hana mutum biyar su tura wa biyar-biyar.

Yanzu batun barka da Kirsimeti. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ba zan ɓoye maka ɓangaren da ya hana ba. Ibnul Ƙayyim ya tsananta a kan taya waɗanda ba Musulmi ba murnar bukukuwan addininsu, ya ce haramun ne, Shaihu Ibnu Usaimin ya bi wannan, kuma malamanmu da yawa a Arewa a kan haka suke. Dalilinsu shi ne tsoron kada taya murnar ta zama yarda da aƙidar da bikin ya ginu a kai. A ɗaya ɓangaren, Darul Ifta ta Masar da Shaihu Yusuf Ƙardawi da Shaihu Abdullahi bin Bayya sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 a Mumtahana, inda Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, da sharaɗin kada mutum ya shiga ibadarsu ko ya furta abin da ya saɓa wa tauhidi. Ni na fi karkata ga wannan na biyun ga mutum irinka, wanda kowa ya san gaisuwar maƙwabtaka yake yi, shi ma abokin ya san ba ka sauya aƙida ba. Wanda ya ɗauki fatawar hani kuma ina girmama shi, ba maƙiyin zaman lafiya ba ne don ya ƙi cewa barka. Akwai Kiristocin da su ma ba sa cin naman layya saboda fahimtarsu ta addini, kuma bai kamata mu riƙe su da haka ba. Abin da ba shi da wuri shi ne kafirta ka. Kafirta wani mutum takamaimai magana ce mai sharuɗɗa, ta malamai da alƙalai, kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Kuma ko da ka zaɓi barin gaisuwar bikin, ƙofofin da suka rage suna da yawa. Annabi (SAW) ya je duba yaro Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta rashin lafiya. Ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne ya ce ashe ba rai ba ne. Ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Ya rasu sulkensa yana jingine a wajen Bayahude saboda abincin da ya karɓa wa iyalinsa. Zaman tare bai taɓa nufin a narka addinai su zama ɗaya ba, kuma masu cewa ai duk ɗaya ne suna ɓata aikin, domin Musulmi na gaske da Kirista na gaske duka ba za su yarda ba, sai su ɗauka duk maganar zaman lafiya dabara ce ta raba su da imaninsu. Kai ka yi imani Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, abokinka ya yi imani da abin da ya saɓa wa haka, kuma kuna iya riƙe wa juna makullin shago har ku tsufa.

Game da bidiyoyin muhawara da suka cika TikTok, inda ake yanko daƙiƙa talatin a rubuta "malam ya kunyata fasto" ko "fasto ya rufe bakin malam": kwatanta addinai ilimi ne mai daraja in masana suka zauna da ladabi, amma abin da ake yankowa don tara mabiya ba ya kawo kowa ga shiriya, fushi kawai yake tarawa. An'am aya ta 108 ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah, Ankabut aya ta 46 ta ce kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Su ma a nasu littafin, wasiƙar Romawa 12:18 ta ce su yi iyakar ƙoƙarinsu su zauna lafiya da kowa, dokokin da aka ba Musa kuma sun hana shaidar zur a kan maƙwabci. Kowane ɓangare yana da abin da zai tsawata wa nasa da shi daga cikin gida.

Wannan kuwa shi ne aikin da na fi so ka ɗauka. Ka san labarin Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. An haɗa su a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, suka yi aiki har a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne wanda ya juya zuciyar kowannensu. Ashafa huɗubar Juma'a ce a kan yafiya da abin da Annabi (SAW) ya yi wa mutanen Ɗa'ifa ta karya masa zuciya. Wuye kuma wani fasto ne ɗan'uwansa ya gaya masa cewa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ransa ba. Kowanne daga cikin gidansu gyaran ya zo masa. Idan ka shiga shafin Kiristoci kana musu wa'azin adalci, ba mai saurarenka, za a ce kare naka kake. Amma idan a zauren unguwarku aka turo hoton gawarwaki aka ce jiya ne a wuri kaza, kai da ke gyaran waya ka fi kowa sanin yadda za ka sa hoton a Google Lens ka ga ranar da ya fara fitowa, ko ka duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun tantance shi. Ka dawo ka rubuta da ladabi: "Baba, Allah ya ƙara girma, hoton nan tsoho ne, ga inda ya fito." Ka haɗa da aya ta 6 a Hujurat da ta ce a yi bincike kafin a cutar da mutane cikin jahilci, da hadisin Muslim da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. In babba ne ƙwarai, ka bi shi ta gefe ka roƙe shi ya goge da kansa, kada ka kunyata shi a gaban yara. Za a ce maka ɗan koren arna, wataƙila a cire ka daga zaure ɗaya ko biyu. Masu karantawa su yi shiru suna da yawa, kuma da dama cikinsu jira suke wani ya fara.

Wayarka kuma kana iya horar da ita. Duk shafin da ka lura ba ya kawo komai sai abin da zai tayar maka da hankali a kan Kiristoci, daina binsa, kada ma ka tsaya yin musu a ƙarƙashinsa, domin musun naka ƙara masa tafiya yake yi. Masu zaginka a kan hoton bara, amsa ɗaya mai ladabi ta isa, wanda ya wuce iyaka ka toshe shi.

Sannan ka zauna da abokin naka wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ka nuna masa abin da ke shigowa wayarka game da su, ka ce ya nuna maka abin da ke shigowa tasa game da mu. Ku yi alkawari cewa duk ranar da gari ya ɗauki zafi, kafin ɗayanku ya tura wani abu ko ya yarda da shi, zai kira ɗayan ya tambaye shi me ke faruwa a unguwarsu, kuma wace hanya ce ba ta biyuwa a ranar.